Tsiron Babanki

Zuwa ga 'yata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya karatu? Ciwon kan da kika ce yana damunki, da sauƙi? Mu nan lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake.

Sun sare tsiron babanki.

Wanda ke reto daga reshen bishiyar tsakar gida nake nufi, mai kama da koren zare, mai fararen 'ya'ya ƙanana kamar duwatsun wuya. Marigayi ya zo da shi a aljihu, lokacin yana tuƙa babbar mota zuwa can inda ruwan sama ba ya yankewa. Ya ce a can bisa manyan itatuwa da jikin duwatsu yake zama, ba ruwansa da ƙasa, kuma ba ya cutar bishiya, wurin zama kawai yake ara. Dangin murtsunguwa ne, amma ko ƙaya babu. Ke kanki da cin 'ya'yansa kika yi wayo.

Matar mai gidan hayarmu ce ta ga jikarta tana ci, ta cika gida da ihu wai guba ce, wai kauci ne zai kashe bishiya. Ba wanda ya jira in dawo daga shagon ɗinki. Na shigo na tarar da reshe fayau. Da na yi magana, mai gidan cewa ya yi, "Haba, mai ɗinki, a kan ciyawa?" Mutumin da ya bi gawar babanki har makwanci.

Kada ki sa abin a ranki, jarrabawa na gabanki.

Mahaifiyarki.

'Yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso. Kin ce in bar wa Allah, kuma na so in bari.

Shekaranjiya na kai wa matar mai gidan ɗinkinta. Ina shiga falo sai ga tsiron nan rataye a bakin taga, cikin wata tukunya mai fenti. Ashe ƙawarta ce ta gaya mata irinsa ake ƙawata manyan otal da shi, shi ne ta sa aka tsinto mafi tsawo daga shara. Guba ta zama kwalliya.

Na ajiye ɗinkin, na hau kujerarta da takalmina, na sauko da shi. Ta ce, "Lafiya, mai ɗinki?" Na tsinki 'ya'yan na ci a gabanta, na ce, "In na mutu, ki sanar da 'yata." Tukunyar kam na bar mata.

Mai gidan ya aiko in tashi ƙarshen wata. Ban roƙe shi ba. Na sami wani ɗaki bayan shago, ƙarami ne, amma tagarsa na samun inuwa, har na kafa ƙusar rataye tsiron. Idan an yi hutu kada ki nufi tsohon gida. Ki zo shago, in kai ki.

Allah ya yi miki albarka.

Taki har kullum,
Mahaifiyarki.