Allurar da ta soke ni a yatsa

Yaya Sabi'u,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Ya damina a Gwarzo?

Ka yi faɗa ban zo Sallah ba, ga dalili. A asibitin da nake bincike nan Malawi, inda matsin rayuwa ya jefo ni, ina ɗibar jinin wata yarinya mai tarin fuka da ƙanjamau, sai ta fizge hannu, allurar ta soke ni. Na sha magani, na yi wata da watanni ina jiran gwaji. Jiya sakamakon ƙarshe ya fito: ban kamu ba. Alhamdu lillahi.

Wallahi Yaya, bakin mutane na fi tsoro, ba mutuwa ba. Yanzu da ake Shari'a, wa zai yarda allura ce? Kai kanka ka taɓa ce min ciwon mazinata ne. Ban riƙe ka ba, haka kuka ji. Amma yarinyar nan ko yaye ta ba a yi ba.

Tarinta ya lafa, har ta fara ƙiba. Ka gaida su Gwaggo a Gammo. In Inna za ta yi min addu'a, ta haɗa da yarinyar. Sunanta Tadala.

Ƙaninka,
Nasiru