Ƙorafi Kan Kwamfutata da Muryoyin Matattu Biyu da Ke Cikinta

Daga: Malam Ilu Mikail,
Layin Marina, bayan Ƙofar Mata, Kano.

Zuwa ga: Alhaji Lawal,
Shugaban Ƙungiyar Masu Gyaran Kwamfuta ta Zumunta, Cikin Birni.

Litinin, 14 ga Yuni, 2004.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: RIƘE MINI KWAMFUTA DA ƊAN ƘUNGIYARKU MALAM TANKO YA YI, DA NIYYARSA TA GOGE ABIN DA KE CIKI

Bayan sallama da fatan alheri. Ni marini ne, ɗan marina. Ban yi boko ba, da kaina na koyi karatu da rubutu, kuma ban iya kwana-kwana a magana ba, sai a yi haƙuri da ni.

Tun bayan zaɓen bara wani da ya samu kujera yake iƙirarin cewa ramukan rini goma sha ɗaya na gidanmu kufai ne, zai cike su ya yi shaguna. Ba mu da takarda, domin kakanninmu da baki suke gado. Shaidarmu ita ce muryar Baba Jibrin, dattijon marinar, da ta Inna Turai, ƙanwar mahaifina, waɗanda na ɗauka a tsohuwar laftop ɗina suna lissafa wanda ya haƙa kowane rami da wanda ya gaje shi. Dukansu sun rasu, Allah Ya jiƙansu. Kwamitin sasanta rikicin zai saurare mu ranar Litinin, 21 ga Yuni. Ga ƙorafina:

1. Ranar Alhamis, 3 ga Yuni, na kai wa Malam Tanko kwamfutar saboda nawarta. Kafin nan na nemi shawarar Malama Binta ta Shahuci, ita ma 'yar ƙungiyarku, wadda ke koya wa mata kwamfuta. Ta ce ƙwaƙwalwar na'urar ƙarama ce, babbar manhajar da ke tuƙa ta ta yi mata nauyi, don haka a sa mata marar nauyi. Ta rubuta sunan a takarda. Na miƙa wa Tanko takardar hannu da hannu, na kuma gaya masa abin da ke ciki har sau biyu.

2. Ranar Asabar, 5 ga wata, na tarar ya ɗora mata sabuwar manhaja mafi nauyi da ke shagonsa, a kan tsohuwar. Da na tambayi dalili, sai ya ce wai waccan ƙaramar ta 'yan koyo ce, kunya ba za ta bar shi ya sa wa mai furfura kamata ita ba, babba sai babban abu. Har da murmushi, yana jira in sa masa albarka. Ranka ya daɗe, wannan ba girmamawa ba ce, rashin jin magana ne. Mu a marina, in mutum ya ce shuɗi yake so, ba ma mayar masa da riga baƙa ƙirin don muna ganin girmansa.

3. Yanzu in an kunna ta sai hoto ya fito ya tsaya, ta yi zafi, ta mutu.

4. Na ce ya ba ni abata. Ya ƙi, wai aiki ba ya fita daga shagonsa a lalace, kada 'yan layi su yi masa dariya. Ya ce maganinta ɗaya ne, ya wanke ta tas ya sake zubi, kuma da zarar an kawo wuta zai yi. Na ce masa mutane biyu ne a ciki. Ya ce Baba, ai waƙoƙi ma ana sake samu. Haka na koma gida ba tare da ita ba.

5. Malama Binta ta ce muryoyin na nan tukuna. Tana da manhajar marar nauyi a faifan sidi, wadda za ta tashi kwamfutar ba tare da ta taɓa komai ba, sai ita Malama Binta ta kwashe muryoyin, sannan ta sa wa kwamfutar manhajar. Amma ta ce dokar ƙungiyarku ta hana ɗan ƙungiya taɓa aikin da wani ya fara sai da izinin shugaba. Sau uku na zo ofishinku, ranakun 8, 10 da 12 ga wata, ban same ka ba.

Ba zan ɓoye laifina ba. Ban ajiye kwafi ko ɗaya ba. Baba Jibrin ya riƙe hannuna ya ce kada maganarsa ta shiga hannun kowa sai ranar shaida, ni kuma na ɗauka yin kwafi cin amana ne. Na yi shekaru ina yi wa mutane faɗa kan sakaci, yau ga nawa. Ban gaya wa 'yan'uwana ba, har yanzu suna zaton shaidar tana ƙarƙashin gadona.

Abin da ya tsare muryoyin nan zuwa yau shi ne taransifomar layin su Tanko da ta ƙone. An ce jibi Laraba za a gyara ta.

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi, a yi abu biyu kafin Laraba: a umarci Malam Tanko a rubuce kada ya kunna kwamfutar, kuma a ba Malama Binta izini ta karɓe ta a gabanka. Ba na neman a hukunta shi ko a ci shi tara.

Tun da nake ban taɓa roƙon Allah kada a kawo wuta ba sai a kwanakin nan. Jiya yaran unguwa suka yi ihun an kawo, ban san lokacin da na fita da gudu ba takalmi, ni mai shekara hamsin da huɗu, har sai da na hango shagon a kulle, layinsu ba wuta. Ranka ya daɗe, ka riga masu gyaran taransifoma isa wurin.

Allah Ya ƙara maka lafiya da adalci.

Naka mai biyayya,
Ilu Mikail, marini.