Sai Malam Ya Buɗe

Zuwa ga maigidana Malam,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya ɗalibai, yaya kuma ciwon bayan nan naka? Mu dai lafiya lau, sai gajiya.

An ƙaro mini yara takwas a ajin raino, yanzu talatin da ɗaya nake fama da su ni kaɗai. Makon nan shugabar makaranta ta ce a fara musu wasa da fenti. Abin ba wuya: a ninke takarda biyu, a ɗiga fenti a gefe ɗaya, a rufe, a danna da tafin hannu, a buɗe, sai ga fukafukai biyu iri ɗaya. Wuyar tana wajen wanke hannuwa sittin da biyu. Farin mayafina ya koma kore, kada ma ka tambaya.

Ni na jawo wa kaina magana. Na gaya musu sunan abin malam-buɗe-littafi. Autarmu da ke cikin ajin, da yake ta ji kowa Malam yake ce maka, sai ta ɗauka kai ake nufi, kai za ka buɗe. Kowa ya buɗe tasa, ita ta rungume tata. Na yi lallashi, na yi faɗa, na nuna mata in fenti ya bushe takardar mannewa take yi. Ko gezau. Ka dai san inda ta gado taurin kan nan.

Wata biyar ke nan rabonmu da kai. Ka ce hutun tsakiyar zango za ka zo, na kuma riga na faɗa mata. Don Allah kada ka sake ɗagawa.

Taka har kullum,
Maman Auta

Zuwa ga Malam,

Bayan gaisuwa, ina fatan jiki da sauƙi. Na ga saƙonka. Akwai makin jarrabawa, akwai nisa, na gane. Karo na uku ke nan ina ganewa, kuma gaskiya na gaji.

Takardun Auta sun kai tara, duk a ninke, sun bushe ƙamas. Ranar Asabar ɗin da ka sa, tun safe ta jera su a bakin ƙofa ta zauna gadi. Da magariba ni na kwashe su.

Jiya muka sake yin fentin a aji. Ta ɗiga ja da shuɗi, ta ninke, ta danna. Na juya raba wasu biyu da ke kokawa a kan buroshi, kafin in waiwayo ta buɗe da kanta. Ya fi na kowa kyau. Ba ta ambace ka ba, a hanyar gida ma haka, har yau da nake rubutun nan. Na sa yara suka tafa mata, sannan na shiga banɗaki na yi kukana.

Ga taran nan a cikin ambulan, kai aka ajiye wa. Ka bi a hankali, na gwada buɗe ɗaya ta yage.

Allah ya bar mu da lafiya.

Matarka,
Maman Auta