Ranar da wanzami ya koma da zabirarsa

Daren Laraba, Ƙofar Marusa

Tun safe ake cacar baki a gurup ɗinmu na waya na masu kallon anime, wato katun ɗin Japan. Fitowar wannan makon ta shirin da muke bi ta nuna abin da ya raba jarumar da ƙauyensu. Al'adarsu ce a ɗura wa kowane jariri ruwan wata tsohuwar tukunya. Ƙanenta ya sha ya mutu, ita kuwa ta fasa tukunyar a gaban dattawa. Sani, wani ɗan gurup ɗin, ya ce rashin kunya ce, da ta bi su da lalama. Ni na dage ina kare ta har yatsana ya yi ciwo.

Da la'asar wanzami ya zo cire wa jaririn Yaya Hadiza beli. Ina cikin ɗakin. Kwananta uku da haihuwa, amma ta lallaɓa ta sauko daga gado, ta durƙusa gaban Hajiya kakarmu rungume da yaron.

"Hajiya, ki gafarce ni. Na yarda a yi mashi aski ran suna, amma ba za a sa mashi ƙarfe a baki ba. Na ga jinin da ɗan maƙwabciyarmu ya zubar."

Hajiya ta ce, "Duk ku nan an cire maku, wa ya mutu?"

Yaya ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma saki yaron ba. Wanzami ya gaji da jira, ya rataya zabirarsa ya tafi. Har yanzu Hajiya ba ta kula ta.

Wallahi Yaya ta burge ni. Ni kuwa da na cika gurup da surutu, ko tari ban yi ba. Kaina na sunkuye a kan waya.