Sukarin da ke ƙarƙashin gadon takabata

Assalamu alaikum Edita, da kai da masu karanta wannan fili. Ina gajiya, ina iyali? Allah ya taimaka. Ni tsohuwa ce a nan cikin birnin Katsina, karatuna bai wuce surorin salla ba. Wata maƙwabciyata da ta yi boko ita ke riƙe da alƙalami, na kuma sa ta rantse ba za ta gyara mini magana ba. Kada ku sa sunana. Mai niyyar yanke mini hukunci ya daure ya ji ƙarshe tukuna.

Ina cikin takaba. Maigidana, Allah ya jiƙan shi, ɗan tireda ne, tun muna da ƙuruciya yake sayar da sukari da madarar gwangwani da sabulu a ɗan shagonsa. Da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa aka ƙara wa ma'aikata albashi, kaya suka yi tsada, sai gwamnati ta ce ta ƙayyade farashi. To shi a wurin manya yake sari, kuma yadda suke ba shi ya riga ya wuce abin da gwamnati ta faɗa. Ya sayar a ƙasa da yadda ya saro? Da me za mu ci? Wata safiya 'yan ƙayyade farashi suka zo da ɗan sanda, suka jera mutane layi, suka sayar da kayansa yana tsaye yana kallo, suka sa wa shagon kwaɗo. Suka kira shi mai ɓoye kaya a gaban yaran da yake ba alewa kyauta. Ya dawo ya zauna bakin gado, na kawo tuwo ya ce, "Ɗauke, na ƙoshi." Daga wannan zama bai sake lafiya ba har Allah ya karɓi abinsa. Na san kwana ne ya ƙare, amma ni na ga abin da na gani.

Muna da ɗa, shi ne na fari, don haka ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama hira da shi ba. In ya zo gaishe ni daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ni kuma in amsa ina kallon bango. Malami ne a wata kwaleji, yana koyar da abin da suke kira tattalin arziki. A gidajen makaranta yake da iyalinsa, amma tun rasuwar kullum bayan la'asar yana zuwa ya zauna a zaure, ɗalibansa manya su biyo shi da tambayoyi. Bango ɗaya ne tsakanin zauren da ɗakina. A nan na fara jin muryar ɗana da kyau, bayan ya yi gemu.

Na ji yana ce musu, "Mai kaya da mai saye in sun daidaita ba wanda ya tilasta wani, ina ruwan na uku? Ka ɗaure farashi, kaya sai su ɓace daga kanti, su koma inda ba ka gani." Wani ɗalibi mai kaifin baki ya ce, "To Malam, talaka fa? A bar Alhazai su yanka shi?" Ya ce, "Tambayarka tana da nauyi, kada ka bar ta. Amma je ka tambayi lebura ko ya taɓa samun sukarin nan a farashin gwamnati. Wanda ya san wani shi ke samu." Suka yi ta gardama har magariba. Ni kuwa na kifa kai a filo na yi ta kuka, don abin da ubansa ya kasa faɗi a gaban shago shi ne nake ji.

Ga inda laifina yake. Akwai ragowar kwalaye da maigida ya aje a gida kafin a rufe shagon, suna ƙarƙashin gadona. Wata rana wata mata ta zo ta'aziyya, bayan addu'a ta ce, "Inna, yaye nake yi, na zagaye gari ba madara." Na ja gwangwani na ba ta, ta biya yadda na faɗa, ta tura cikin mayafi ta fita tana sa mini albarka. Kafin mako ya zagayo masu ta'aziyya sun ninka. Da kayan suka ƙare, matar wani tsohon abokin sarin maigida, Hajiya, ta fara kawo mini wasu a cikin kwando an rufe da gero kamar sadaka. Ta ce, "Yaya, ɗakin mai takaba wane namiji ke shiga? Ko soja sai ya tsaya a ƙofa." Gaskiya ta faɗa. Da rasuwar mijina na yi wa cinikin labule. Mata suna shigowa da "Allah ya ba da haƙuri", suna fita da sukari a hammata. Har ɗan nawa ya ce wa ƙanwarsa, "Ashe haka Inna ke da jama'a?" Wannan yana ci mini rai in na tsaya salla. Amma cinikin kansa? Wallahi ban yi nadama ba. Ban saci na kowa ba, ban danne mudu ba, ban kira kowa ba, da ƙafarsu suke zuwa. Matar wani lebura ɗan ƙauye ta zo kuɗinta bai kai ba, ta ce, "Inna, ke ma?" Maganar ta soke ni, na rage mata. Amma ni na ga dama na rage, ba wani mai hular gwamnati ya sa ni ba.

Yanzu an kai ƙarar ɗana. Wai yana zuga ɗalibai su raina dokar gwamnati, wai ai ɗan mai ɓoye kaya ne, cinikin gidansu yake karewa da sunan darasi. Shugaban makarantar ya kira shi gaban wasu manya ya ce ya riƙa koyar da abin da ke cikin littafi ya yi shiru. Ɗan nawa ya ce ai abin da yake faɗa yana cikin littafin, kuma ba zai koya wa yara rabin magana ba. Shekaranjiya ya durƙusa a bakin ƙofata ya ba ni labari. Ya ce, "Inna, abin da ya sa nake iya buɗe baki a aji shi ne ba ni da ko ƙwayar sukari ta sayarwa. Na rantse musu. Na ce ranar da kika fita takaba su zo su duba gidan nan ɗaki ɗaki." Ina zaune a kan gadon, kwalaye na taɓa dunduniyata. Na ce, "To, Allah ya kyauta." Ya ce, "Amin, Inna," ya tashi.

Takabar ta kusa ƙarewa. Hajiya ta ce ba za ta karɓi kayan ta mayar gida ba, ana sa wa mijinta ido. Ko da ma na rarraba su a maƙwabta aka zo aka ga ɗaki fayau, matan unguwar nan duk sun sani, baki ɗaya ya isa. Ranar da maganar ta fito ba korarsa kaɗai za a yi ba, yaran nan da ke zama a gabansa za su ce ashe Malam tallan uwarsa yake yi. In kuma na faɗa masa, na san halinsa, irin na ubansa ne: zai je da ƙafarsa ya ce ya rantse a kan ƙarya, daga nan ba zai sake ɗaga murya a aji ba. Kuma ta yaya zan faɗa? Ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba, maganar farko da zan zaunar da shi in yi masa ita ce wannan?

Wani lokaci zuciya na ce mini in bar kwalayen inda suke, in sun zo in ɗaga zanen gado da hannuna in ce, "Ga su nan, nawa ne, shi bai sani ba, ku kama tsohuwa." Ba na tsoronsu, abin da za su iya ɗauka a wurina sun riga sun ɗauka. Amma wa zai yarda bai sani ba?

Kada wanda ya rubuto ya ce in tuba da ciniki, wannan ba zan yi ba. Ku dai gaya mini yadda zan yi ɗana ya ci gaba da faɗin gaskiyarsa ba tare da ta tsaya a kan ƙaryata ba. Malamai, iyaye mata, ku da kuka san kunyar ɗan fari, me zan yi?