Waken da Muka Ajiye Don Jiran Dinari

Zuwa ga Mai Girma Ɗan Majalisar Jiha mai wakiltarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da aiki. Ni manomi ne daga Dugabau, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi maka tafi bara, kuma tafin nan shi nake nadama yau.

Na farko, Juma'ar da ta biyo bayan ƙaramar Sallah ka tsaya a ƙofar masallacinmu ka ce tunda an ƙaddamar da Shari'a, majalisarku za ta yi doka a buga dinari da dirhami kafin kaka. Alhaji, mu da muka sha wuyar shekarun tsuke bakin aljihu, muka ga naira tana narkewa a hannunmu, wannan magana ta shige mu har ƙashi.

Na biyu, saboda ita na ƙi sayar da wakena buhu tara, ina jiran kuɗin da ba ya lalacewa. Da ni kaɗai ne da sauƙi. Amma sai da na taka har gidan Inna Dije, matar marigayi yayana, na hana ta sayar da nata buhu huɗu, alhali dillalai daga Gwarzo na tsaye a ƙofarta da mota. Ni mai wayo! Da bazara na kwance nawa, na tarar ƙwari sun mayar da shi gari.

Na uku, sai watan jiya wani tsohon hedimasta a Kabo ya zaunar da ni, ya buɗe mini tsarin mulki. Ashe buga kuɗi ba hurumin jiha ba ne ko kaɗan. Majalisar tarayya ce ke yin dokarsa, babban bankin ƙasa ya buga. Ku ko kwabo ba ku da ikon ƙerawa. Na ji kunya ƙwarai, don tambaya ɗaya ta isa ta tsare ni, ban yi ba. Kai kuwa, in ka sani ka faɗa, ka cuce mu. In ba ka sani ba, abin ya fi ban tausayi.

Ba diyya nake nema ba, rabin laifin nawa ne. Roƙona ka dawo ka gaya wa jama'a da bakinka cewa dinarin nan ba zai fito daga hannunku ba. Inna Dije har yau ba ta kwance buhunanta ba. Da su take shirin gyara ɗakinta da ya tsage kafin damina, kuma duk ranar da na je gaishe ta sai ta yi mini addu'a saboda shawarar da na ba ta. Sau uku ina zuwa da niyyar faɗa mata, ina komowa ban iya ba.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare harshenka da namu, ya ba ka ƙarfin zuciyar da ni na rasa.

Wassalam.

Naka,
Haladu Manomi, Dugabau