Ɗigon Baban Nuriyya

Laraba, 9 ga Yuli, 2025

Baban Nuriyya ya tafi kudu da shanu. Alhaji Mailafiya, mai tirelar, ya sa mata na'urar da ke nuna inda take, ya kuma ba ni adireshin shafin da lambar sirri, wai don in daina damunsa da kira. Kana buɗewa sai ka ga taswira da ɗan ɗigo kore yana rarrafe a kan titi. Mijina ke nan, ɗigo.

Wayata ba ta iya ɗaukar taswirar, sai kwamfutar ofis da na zo da ita gida, ina ba ta data daga wayar. Gidan nan namu na Yalwawa kuwa sabis ba ya zama sai a tagar ɗakin Inna, mahaifiyarsa. Can nake jingine wayar, ni ina falo.

Inna ko ƙofa ba ta rako shi ba. "Allah ya kiyaye hanya," ta ce, tana kallon tabarma. Na san kunyar ɗan fari ce irin tasu ta Fulani, ba a kiran sunansa, ba a tambayarsa. Amma wannan tata ta yi yawa.

Alhamis, 10 ga Yuli

Mun yi waya da rana, ya ce sun wuce Lokoja, ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Da yamma na kira, ba ta shiga.

Juma'a, 11 ga Yuli

Ɗigon ya tsaya. Ba a gari ba, ba a tasha ba, a wani wuri da taswirar ba ta rubuta masa suna ba. Ya koma ruwan toka. Wayarsa ba ta shiga, ta direban ma haka.

Kamar wannan bai isa ba, shafin ma ya fara yi min wasa. Ya buɗe lafiya lau, ina kallo, in na sabunta sai farin allo da 'yar da'irar nan tana juyawa, tana juyawa, can ya ce ba a iya kaiwa ga shafin ba. Na ce shi ke nan, wasu sun cire na'urar. Na gwada wani shafin daban, ya buɗe. Na koma, shi ma ya buɗe, ɗigon na nan inda yake.

Na kira Alhaji Mailafiya. "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, wajen babu sabis ne." Muryarsa dai ba ta mai kwanciyar hankali ba ce.

Asabar, 12 ga Yuli

Cecilia, abokiyar aikina a sakatariya, ita ce ta fi mu sanin kan kwamfuta. Ta waya ta riƙa karanto min: goge tarihin burauza da tarkacen da ta tara, gwada wata burauzar, duba ko kwanan watan kwamfutar daidai yake, kashe ki kunna. Duk na yi. Ya yi kamar ya gyaru, bayan azahar ya sake ɗaukewa. Alamar sabis a kwamfutar cike taf, amma shafi fari fat.

Ta ce ita a gidanta a Limawa ta buɗe shi ya fi a ƙirga, bai taɓa ƙi ba. "Murja, matsalar a gidanku take, ba a motar ba. Shafi ya ƙi buɗewa ba shi ne an taɓa mijinki ba." Na san gaskiya ta faɗa. Amma duk lokacin da allon nan ya yi fari, abin da nake gani daban ne, ba zan ma rubuta shi ba.

Nuriyya ta tambaye ni yaushe Abba zai dawo. Na ce ta je ta yi wanka.

Na kai wa Inna abinci, na ce mata har yanzu shiru. Ta ce, "To." Ta ce a ƙara mata yaji. Yaji! Na fito kafin bakina ya ja min.

Lahadi, 13 ga Yuli

Ban iya cin komai ba sai ruwan shayi.

Mata sun fara shigowa wai gaisuwa, kowace da labarin wanda aka tare a hanyar kudu. Wata har da cewa ai nata ɗan'uwan sai rigarsa aka gani. Allah ya shirye ta.

Shafin ya ɗauke bayan asuba, ya ɗauke bayan azahar, ya ɗauke bayan la'asar. Abin mamaki, in ina ɗakin Inna da kwamfutar a cinyata bai taɓa ɗaukewa ba. Na ɗauka nisa ne, na jawo kujera bakin ƙofar falo. Bai hana ba.

Na faɗa wa Cecilia. Ta ce, "Wayarki mai layi biyu ce ko? Data a ɗaya, kira a ɗaya? Irin waɗannan, in ana kira da layi ɗaya, datar ɗayan tsayawa take har a gama. Wa ke kira da ita?" Na ce babu kowa, wayar tana taga. Ta ce, "To in ya sake ɗaukewa, kar ki taɓa kwamfutar. Tashi ki je ki ga wayar da idonki."

Litinin, 14 ga Yuli

Ban je ofis ba.

Bayan azahar allon ya yi fari. Na tashi ba takalmi, na tsaya jikin labulen Inna. Tana tsaye a taga, carbi a hannu ɗaya, wayata a kunnenta. Ina jiyo muryar matar nan ta kamfani tana cewa lambar da kuka kira ba ta samuwa. Inna ba ta jin Turanci, ba ta karatun boko. Hotonsa ta gane, ta ga inda nake dannawa. Ta saurara har matar ta gama, ta sake dannawa, ta sake saurara. Sannan ta goge fuskar wayar da bakin mayafinta, ta jingine ta daidai yadda na bar ta.

Ashe bayan kowace salla take yi. Ashe ita ce ke ɗauke min shafin, ni kuma ina falo ina mutuwa ina farfaɗowa.

Na koma da sanɗa. Haushi na so in ji, wallahi na so. Sai na tarar kwanon abincinta na jiya a bayan randa, a rufe, ko cokali ba a sa ba, yajin da take sa a ƙara mata yana kai.

Na bar kwanon inda yake. Ta ina zan fara yi mata magana?

Bayan la'asar ya sake ɗaukewa. Ina zaune ina kallon da'irar tana juyawa, sai na ji ya daɗe fiye da kullum. Na je. Wannan karon ba muryar matar ba ce. Tasa ce, a shaƙe, tana fitowa daga wayar: "Murja? Murja, kina ji na?" Inna na riƙe da ita da hannu biyu, idonta a rufe, ba ta ce uffan ba. Da ta gan ni sai ta miƙo min, ta juya baya.

"Ke, wayarki ce ke ta surutu," ta ce.

Ya ce ruwa ne ya cinye titi, suka bi wata hanyar ƙasa, tirelar ta kafe a cikin kwari inda babu sabis. Shanu biyu sun mutu. Shi lafiyarsa ƙalau, yau ya samu babur ya fito gari. Na durƙushe a wajen ina kuka kamar yarinya. Ya ce, "Inna fa, tana lafiya?" Na duba ta. Tana ta gyaran shimfiɗar da ba ta yamutse ba. Na ce tana gaishe ka. Ba ta musa ba.

Da magariba ta ce a ɗumamo mata tuwon jiya.

Alhamis, 17 ga Yuli

Sun sauke kaya, sun kamo hanyar gida. Ɗigon ya koma kore. Tsoron dai bai tafi duka ba, hanya da sauran nisa.

Cecilia ta ce abin mai sauƙi ne, in mayar da kira da data layi ɗaya, ko in sa wa wayar makulli. Na ce mata ai ya gyaru da kansa. Na sa wa layin kiran kati, don ni ma ina buƙata. Na kuma ƙara girman hotonsa a fuskar wayar, idona ne ya fara rauni.

Bayan la'asar shafin ya ɗauke. Ban taɓa komai ba. Na ɗora ruwan shayi, na jira ta gama.